Sun Rufe Fuska, Sun Bar Atamfa

Shafi na 17

Da sunan Allah na buɗe. Masu damuna da saƙo tun da safe cewa na bar Hadiyya a ƙofar gidan talabijin na tafi shan iska, ga shi nan, ku sarara min. Ke kuma da kika ce in kika haɗu da Malama Maimunatu sai kin shaƙe ta, karanta na yau tukuna.

*

Ranar da ya kamata masu wuta su ɗauke abarsu kamar yadda suka saba, ranar ce ko ƙiftawa ba ta yi ba a duk garin Daura.

Malama Maimunatu na zaune a bakin kujera a falon ƙanwarta Hadiyya, ta rungume rimot kamar wani zai ƙwace. Ƙarfe sha ɗaya ta yi, kiɗan buɗe shirin "Likita a Tsakar Gida" ya tashi.

Tun da mai gabatar da shirin, Hajiya Siddiƙa, ta ce masu kallo su aiko da ra'ayinsu kan yadda za a gyara shi, Malama ta hana wayarta hutawa. Saƙo ya fi goma ta tura, ba a taɓa karanta ko ɗaya ba. A kira sunan matan Mashi, a kira na 'yan Mai'adua, ita da take karantar da matan aure a Islamiyya ko a yi kuskuren ambatonta. Abin yana ci mata rai, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Na ƙarshen ne ya kama. Cewa ta yi an gaji da likita yana zuba Turanci shi kaɗai, a kawo mai cutar ta yi bayani da bakinta, a rufe mata fuska. Aka kira ta daga Katsina aka yaba, aka ce ko ta san wadda za ta yarda.

Ta sani kuwa. Hadiyya na da farfaɗiya tun da sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara tara a Mashi. Ban da iyayensu da suka rasu, daga Malama sai Uwaisu mijin Hadiyya ne suka san zancen. Sati biyu Malama ta yi tana lallashi, da ayoyi da hadisai da zancen ladan ceton rai, har Hadiyya ta yarda aka je Katsina aka ɗauki hirar. Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren Amatullah, 'yar Hadiyya, da Sagir ɗan Hajiya Kubura. Yau ma tun safe Sagir ya hau mashin ya fita rabon kati.

"Ga ki nan," in ji Malama, tana murmushi. "Wa zai gane ki? Ji muryar, sai ka ce ƙato mai mura."

Gaskiya ne. Sun dusashe fuskar, ko hanci ba a gani, sun murɗe muryar ta yi kauri.

"Shekara goma sha takwas rabona da faɗuwa," in ji matar cikin talabijin. "Ƙwaya ce safe da yamma. Ina girki, ana ci. 'Yata ma aure za ta yi, ita kanta ba ta san ina da ciwon nan ba."

Hadiyya ba ta yi murmushi ba. Ta tashi daga kan tabarma ta matsa har gaban akwatin.

"Yaya."

"Na'am?"

"Atamfar."

Malama ta duba. Daga wuya zuwa ƙasa babu abin da aka dusashe. Atamfa ruwan hanta mai zanen fitilar ƙwai ta cika allon, har ɗinkin hannun ana gani.

Ankon bikin Hasana ne, 'yar Hajiya Kubura, wanda aka yi bara bayan babbar salla. Hajiya da kanta ta sa aka kawo mata shi ta Mai'adua, turmi goma sha huɗu cif, ta yi ta bugun ƙirji cewa ko a Kano ba za a samu irinsa ba. Ita ta zauna ta zaɓi waɗanda za su sa. Malama da Hadiyya suna ciki, kuma tela ɗaya ya ɗinka musu, ɗinki iri ɗaya.

"Da hijabina na fito ran nan," Hadiyya ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ruwan toka ɗin nan nawa."

Malama ta kau da ido daga allon.

"Kika ce duk unguwa an san ni da shi. Kika ce in cire. Kika buɗe akwatina da hannunki kika zaro wannan, kika ce ba a shiga talabijin da tsumma."

"Hadiyya, wallahi dabara na yi niyya."

"Na sani, Yaya. Ke ai kullum dabara kike yi."

Da ta yi ihu ta zage ta, da ya fi wa Malama sauƙi.

Wayar Hadiyya ta fara ƙara a kan tebur. Suka dube ta, babu wadda ta taɓa. Ta katse, wata ta shigo. Ta Malama ma ta ɗauka daga cikin jaka.

"Bari in kashe talabijin ɗin," in ji Malama.

"In kin kashe na nan, za ki bi gida-gida ki kashe ne? Bar shi."

Likita ya karɓi magana. Yau dai ya yi Hausa zalla, kamar yadda Malama ta nema. Ya ce ba a ɗaukar farfaɗiya a yawu, ba a ɗaukarta a kwano, kuma irin wadda ta biyo bayan sanƙarau ba ta bin jini zuwa 'ya'ya. Bayani mai kyau, irin wanda Malama ta yi shekara biyu tana burin ji. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, lissafi take yi a zuci. Gidan Hajiya Kubura layi uku ne daga nan. Shirin nan ba ya wuce Hajiya, tare ma suke hirarsa in an tashi daga Islamiyya.

Ko minti ashirin ba a yi ba aka yi sallama a tsakar gida.

Hajiya Kubura ta shigo tana haki, takalmi ma wari da wari ta sako. Mace ce da ba ta fita sai ta fesa turare ta zaɓi gyale, yau hijabin sallarta ne a jikinta. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Bari in kawo ruwa."

"Bar ruwan, Hadiyya. Zauna."

Hadiyya ta zauna a ƙasa.

Hajiya ta nuna talabijin da haɓa. An dawo da hoton matar, tana murza yatsunta a kan cinya.

"Mutum uku suka kira ni kafin in sa takalmi. Ɗaya ƙanwar maigidana Alhaji ce. Kun san bakinta."

Hajiya ta dubi Malama, ta dubi Hadiyya.

"Turmi goma sha huɗu na raba. Biyu suna Saudiyya aikin Umara. Barakatu kuwa ta yi biyun matar cikin talabijin a jiki. Su Hasana yara ne, ba su da 'yar aurarwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a hanya, ƙafata ta kawo ni nan." Ta numfasa. "Ni ba mugunta ta kawo ni ba. Ina son yarinyar nan, Allah ya sani. Amma sai na ji."

Hadiyya ta buɗe baki.

"Ni ce," in ji Malama.

Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fita ba. Hadiyya ta juyo tana kallonta.

"Ke?" in ji Hajiya.

"Ni ce. Ankon ai har ni kika ba."

"Malama, matar nan cewa ta yi 'yarta za ta yi aure. Ke maza gare ki."

"Amatullah ba 'yata ba ce? A ɗakina aka yaye ta, a bayana ta yi wayo. In ban kira ta 'yata ba, wa zan kira?"

Wannan kam gaskiya ce, kuma duk dangi sun san ta. Abin da ba su sani ba shi ne dalilin yayen. Faɗuwar Hadiyya ta ƙarshe da goyo a bayanta ta yi ta, kusa da murhu. Ran nan Malama ta ɗauke yarinyar, ran nan kuma Uwaisu ya kai matarsa asibiti aka ɗora ta a kan ƙwayar.

Hajiya Kubura ta jima tana kallon Malama.

"Kin tuna ranar da na tare ki bayan an tashi daga karatu?"

"Na tuna."

"Lokacin da Alhaji ya ce a yi bincike. Ban tura kowa Mashi ba. Na ce wa Alhaji ina da malama a cikin gidan, bakinta ya ishe ni. Na tambaye ki abu uku. Kuturta, taɓin hankali, farfaɗiya. Me kika ce min?"

"Na ce babu."

"Da Alƙur'ani a cinyarki."

"A jakata yake, Hajiya."

"Au, a jaka. To madalla."

Kunya ta rufe Malama har ta rasa inda za ta sa idonta. Matar da take gyara wa karatun Fatiha ce yau take mata wannan kallon. Amma ta riga ta shiga, sai ta yi ta maza.

"Na ji tsoro ne. Kuma kin ji likita da kunnenki, ba ta bin jini. Sanƙarau ne ya bar min ita. Hadiyya lafiyarta ƙalau, yarinya lafiyarta ƙalau. In hukunci ne, ni za ki yi wa. Ki cire ni daga hidimar bikin, ko ƙofar gidan ba zan taka ba."

"Likita ba shi zai zauna da dangin Alhaji ba," in ji Hajiya. Amma muryarta ta sauka. Ta gyara zama, ta cire takalmin da ta shigo da shi har kan kafet. "In ta inna ce, da sauƙi. Inna daban, uwa daban. Zan iya tsayawa gaban Alhaji in ce ƙaddara ce ta faɗa wa Malama ita kaɗai. Ƙanwar tasa ma in toshe mata baki."

Ta juya ga Hadiyya.

"Haka ne?"

Hadiyya ta sunkuyar da kai. Malama ta kafe ta da ido, tana roƙonta ba da baki ba. Ta san abin da ta saya wa kanta. Gobe matan Islamiyya za su fara janye tabarmarsu daga kusa da ita, kofin da ta sha ruwa babu mai ƙara taɓawa, maigidanta kuma zai ji a bakin majalisa cewa matarsa na da ciwon da bai taɓa gani ba. Duk ta yarda, in dai za a ɗaura auren nan.

"Hadiyya, magana nake," in ji Hajiya.

"Yaya ta faɗa miki, Hajiya," ta ce a hankali.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya. "Allah ya ba ki lafiya, Malama. Amma kin ba ni kunya."

"Na sani."

"Kawo ruwan nan, Hadiyya, maƙogwarona ya bushe."

Hadiyya ta miƙe. Sanyi ya ɗan ratsa zuciyar Malama, har ta fara tunanin yadda za ta tari maigidanta da zancen kafin ya ji a waje. Rimot na nan a gefen cinyarta. Da ta tuna da shi a wannan minti, da labarin nan ya ƙare a shafin yau kowa ya huta.

"To masu kallo," muryar Hajiya Siddiƙa ta cika falon, "mun zo filinku na ra'ayi, kai tsaye daga ɗakin shirinmu."

Hajiya Kubura ta juya ga talabijin, don wannan filin ne ta fi so.

"Kalilu mai shayi daga Mai'adua ya ce a riƙa maimaita shirin da yamma, sha ɗayan rana maza suna kasuwa. Mun ji, Malam Kalilu. Wata baiwar Allah daga Mashi ta ce in za a yi zancen ciwon mata a kawo likita mace, ita ba ta iya kallo gaban surukarta. Sha'aban daga Daura ya ce kiɗan buɗe shirin ya yi tsawo, kafin a gama shi an ɗauke wuta."

Hajiya Kubura ta ɗan yi dariya ta hanci. Hadiyya ta dawo da kofi a kan faranti.

"Sai kuma wadda ba za mu rufe shirin yau ba mu gode mata ba."

Malama ta zabura. Ta lalubi rimot.

"Malama Maimunatu, mai karantar da matan aure a Daura."

Shekara biyu tana jiran wannan. Ta sha kwatanta yadda sunan zai fito daga bakin Hajiya Siddiƙa, ta sha raya wa za ta fara kira. Rimot ya zame ya faɗa bayan kujera.

"Ita ta ba mu shawarar kawo masu ciwo su yi magana da kansu. Ba ta tsaya nan ba, ita ta riƙo hannun baƙuwarmu ta yau tun daga Daura har nan. Lokacin da ake hirar tana zaune a bayan mai ɗaukar hoto tana ta share hawaye. Malama, Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Irinku muke nema."

Aka saki kiɗan rufewa.

Farantin hannun Hadiyya ya karkace, ruwan ya zube a kan kafet. Babu wanda ya kula shi.

Hajiya Kubura ba ta ɗaga murya ba. Ta mai da ƙafarta cikin takalmin, ɗaya bayan ɗaya.

"A bayan mai ɗaukar hoto," ta ce.

"Hajiya, ki saurare ni."

"Sau biyu ke nan, Malama. Na farko na ce tsoro ne. Wannan kuma a gabana kika ƙera ta, ina kallonki, har ina yi miki addu'a."

"Don yarinyar na yi."

"Ki yi min shiru, don girman Allah." Ta juya. "Hadiyya, ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba sai yau, ita ma rabi kika yi. Daga bakinki nake son ji."

Hadiyya ta ajiye farantin a ƙasa. Ta share hannunta a zani. Abin mamaki, fuskarta ta fi ta ɗazu kwanciya, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka.

"Ni ce, Hajiya. Tun ina yarinya. Shekara goma sha takwas ban faɗi ba, ban kuma taɓa tsallake ƙwayata ba. Tuwon bikin Hasana ni na tuƙa, kin ci, Alhaji ya ci, ƙanwarsa har ƙari ta nema. Babu wanda ya kwana da ciwon kai."

"Ban ce ba ki da tsafta ba."

"To me kika ce?"

Idon Hajiya ya kawo ruwa, ta kau da kai.

"Da kun faɗa min tun farko, ni da ku, a ɗaki, wataƙila da na san yadda na yi. Yanzu duk mai talabijin a Daura ya riga ni sani. Me zan ce wa Alhaji? In ce na sani na ɓoye masa, ko in ce an mai da ni sakarya?"

"Ki ce masa laifina ne," in ji Malama.

"Laifinki ba zai goge abin da mutane suka gani ba." Ta dubi Hadiyya. "Da gaske yarinyar ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba. Ta ɗauka maganin hawan jini nake sha."

"Yanzu na sani, Umma."

Amatullah ce a bakin ƙofa, ta riƙe labule da hannu ɗaya, ɗayan kuma ledar ɗinkunan bikinta. Wurin Badaru tela ta je karɓo su, shi ne kuma ya ɗinka ankon nan bara. Idanunta sun yi ja.

"Talabijin ɗin shagonsa a kunne yake," ta ce. "Ya tsai da keke ya ce, wannan ai ɗinkina ne. Mata shida ne a shagon, Umma. Duk suka juyo suna kallona."

"Amatu, zo nan," in ji Malama, ta miƙa hannu.

Yarinyar ba ta ko dube ta ba. Yarinyar da ta goya, wadda ba ta iya cin tuwo sai a kwanonta. Wannan ya fi duk maganganun Hajiya Kubura yi wa Malama ciwo.

Amatullah ta ajiye ledar. Ta tako ta durƙusa har ƙasa a gaban uwar mijin da za ta aura, kamar yadda ta saba.

"Mama, ina wuni."

Kullum in ta gaishe ta, Hajiya kan kamo hannunta ta ce tashi 'yata, ƙasa ba wurinki ba ne. Yau hannun ya ɗago, ya tsaya a hanya, ya koma cikin hijabi. Da ya sake fitowa, waya ce a cikinsa.

Ta danna, ta kara a kunne. Falon ya yi tsit har ana jin ƙarar shigar kiran. Sau biyu ta yi aka ɗauka, ƙugin mashin da hayaniyar titi suka biyo muryar Sagir, cike da fara'a.

"Hajiya, yanzu na fito daga gidan Kawu, ya ce a gaishe ki. Zan wuce..."

"Tsaya a inda kake," in ji Hajiya Kubura.

Amatullah na nan durƙushe, ba a ce ta tashi ba.

"Sagir, katin nan. Guda nawa ka raba?"